Lado na Tashar Hamman

Duk wanda ya saba bin hanyar Damagaram zuwa Magarya shekaru ashirin da suka wuce ya san Lado, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, mai hasken fata irin na Fulanin da suka daɗe da zama cikin Hausawa, da malfa a ka rani da damina. Kullum yana tsaye bakin hanya a wani ƙauye da ake ce wa Tashar Hamman, tafiyar awa uku a amalanke kafin a shiga Magarya. Aikinsa tsaida mota. Ba gwamnati ce ta ɗauke shi ba, ba kuma ƙungiyar direbobi ba. Gado ya yi.

Hamman ɗin da aka sa wa ƙauyen sunansa shi ne mahaifinsa. Makiyayi ne mai taɓa noma, yana da shanu kamar talatin da gona bakin hanya, a daidai wata kwana inda wasu gawo uku suka haɗa kai. Nan ya haƙa rijiya saboda shanunsa. Zamanin gyaɗa ne, manyan motoci na kwasar ta daga ƙasar Damagaram su kai Kano inda jirgin ƙasa ke jira. Yashin wannan kwana kuwa ba ya raga wa kowa. Mota ta taho da lodi, ta yi ta nishi a cikinsa, kafin ta fita inji ya ɗau zafi, sai direba ya sauko da garwa a hannu yana neman ruwa. Hamman bai taɓa hana kowa ba. Daga ruwa aka shimfiɗa tabarma, daga tabarma aka kafa rumfa, mata suka fara kawo fura da nono. Direbobi suka riƙa ce wa juna, "Mu haɗu a tashar Hamman." Da farin da ya karkashe dabbobi ya zo, shanu biyu kawai suka rage masa. Hanyar nan ce ta riƙe gidan. Mutanen da fari ya koro daga arewa suka kafa bukkoki kusa da rijiyar, ba su sake tashi ba.

Lado yana da shekara ashirin da biyar uban ya rasu, ya bar masa rijiyar da gonar da bakin hanyar.

Ba za a ce ga takamaiman abin da yake yi ba, don komi yi yake. Mutanen ƙauyuka su zo a amalanke tun hantsi, su kwance sa ko jaki su ɗaure a gindin gawo, su ce, "Lado, Magarya za ni, sai la'asar." Shi zai shayar da dabbar, shi zai gusar da ita in inuwa ta juya. Ya san motar da ke da wuri da wadda ba ta da shi tun daga yadda take zama a kan tayoyinta. In ya ɗaga hannu sau ɗaya, direba ya san fasinja ne. In ya cire malfa ya ɗaga sama, to marar lafiya ne ko mai naƙuda, kuma ba a taɓa jin direban da ya wuce wannan malfa ba, ko da a cike yake maƙil. Sai dai a sauke karen mota ya hau bisa kaya.

Saƙo ma a hannunsa yake kwana. Masu ci-rani a Kano da Agadas su aiko da wasiƙa ko turmin atamfa, direba ya miƙo ta taga ya ce, "Na gidan wane ne a Kwaya," shi ke nan. Lado bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, bai iya karanta abin da aka rubuta a jikin kaya ba, amma bai taɓa ba wani kayan wani ba. An taɓa sauke keken ɗinki aka ce mai shi na tafe a motar baya. Motar baya ta zo ba shi. Lado ya naɗe keken da buhu ya sa a ƙuryar ɗakinsa, duk damina ya fito da shi ya shafa masa mai. Sai bayan shekara huɗu wani mutum ramamme ya sauko daga mota yana tambaya cikin jin kunya ko an taɓa ganin wani keke. Ashe ciwo ne ya kwantar da shi a hanya, daga nan rayuwa ta yi wani wajen da shi. Da Lado ya kwance buhun, mutumin ya durƙusa a ƙasa ya rufe fuska da rigarsa.

Matarsa Hinda ita ke da murhu a gindin gawon tsakiya. Ɗanwake da safe, shinkafa da wake da rana. Mace ce gajera mai faɗa da dariya a lokaci guda, wadda ke iya tuna direban da ba ya son yaji bayan shekara ba ta gan shi ba. 'Ya'ya biyar suka haifa, uku suka koma tun suna ƙanana, namijin ya tafi Libiya aka daina jin labarinsa, sai autarsu Ruma'isa da aka aurar a wani ƙauye na ƙasar Yekuwa. A gindin gawon kudu kuma akwai Kolo mai facin taya, Babarbare, taubashin Lado na wasa. Shekara talatin suna zagin juna ba wanda ya taɓa fushi.

"Kai Bafillace," in ji Kolo, "da ubanka bai samu Barebari sun koya masa haƙa rijiya ba, da har yanzu kuna bin gajimare."

"Yi ta lallaɓa robarka, bawana," in ji Lado. "Ran da na ga dama zan sayar da kai in sayi akuya."

Haka aka yi ta tafiya. Gyaɗa ta ja baya, aka zuba wa hanyar kwalta, kwaltar ta farfashe ta koma ramuka, motoci suka ci gaba da rage gudu a kwanar dole. Lado bai yi arziki ba, amma bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma daga garin Bande da ke arewa da su har bakin iyakar Najeriya in ka ce Lado na Tashar Hamman ba a tambayar ka wane ne.

Wata ranar Talata cikin bazara, wata farar mota ta tsaya, mutum uku suka fito da takarda mai faɗi. Babbansu wani matashi ne mai ladabi, Mushe Abdulwahabu, kamar yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci, ma'aikacin wani furoje, wato shirin aiki, da zai sake gina hanyar. Ya cire takalmi kafin ya hau tabarma, ya sha furar da aka ba shi har ƙasa, sannan ya shimfiɗa takardar.

"Baba, an gaya mana wurin nan naka ne. Za a faɗaɗa hanya, a miƙe wannan kwana da ke cin rayuka. Kuma mun ga mutane na taruwa a nan, shi ya sa muka sa a gina muku tasha ta gaske. Rumfar kwano, kujerun siminti, shaguna goma, makewayi, masallaci, da shato, wato tankin ruwa na sama, mai fanfo da hasken rana ke jan ruwansa. Ba sauran jan guga."

"A ina za a gina ta?"

Mushe Abdulwahabu ya ɗaga kai ya dubi gonar da ke bayan rumfa. Lado ya bi idonsa.

"Rijiyar fa?"

"Ita da itatuwan nan suna cikin faɗin sabuwar hanya, Baba. Ba yadda za mu yi. Amma ruwan da za ku samu ya fi wannan tsabta."

Da suka tafi, Kolo ya ajiye tayar da ke hannunsa ya zo ya tsuguna gaban Lado. A karon farko ya yi masa magana ba wasa a ciki.

"Lado, hanya ba ka iya hana ta, ta hukuma ce. Amma gona taka ce, kada ka ba da. Mota ba don Allah take tsayawa nan ba, don rami take tsayawa da inuwa. In an cike ramin an sare inuwar, me zai tsaida ta?"

"Ni zan tsaida ta," in ji Lado.

Hinda ma ta yi magana da suka shiga gida. "Malam, gonar nan ita ce tuwonmu in hanya ta ƙi." Ya ce mata hanya ba ta taɓa ƙi ba tun zamanin mahaifinsa. Gaskiyar magana, abin da ya ci ransa shi ne allon da Mushe Abdulwahabu ya ce za a kafa a ƙofa, da sunan Hamman a jiki da manyan baƙaƙe. Ya tuna mahaifinsa da ya mutu ba shanu, ya ga kamar wannan ne zai mayar masa da abin da fari ya ƙwace. Aka kira mai gari da shaidu, ya dangwala yatsa. An ba shi abin da aka ba shi, ya sayi tumaki, ya gyara rufin ɗaki, sauran ya bi hidimar gida.

Ranar da aka zo saran gawo bai tsaya kallo ba. Ya ce zai je gaisuwar mutuwa a wani ƙauye, ya tafi a ƙasa. Da ya dawo da yamma sai ya ga sarari fetal, har ana hango rumbunan ƙarshen gari daga bakin hanya. Ya tsaya ya rasa inda zai sa kansa, kamar wanda ya shiga gidan wani bisa kuskure. Rijiyar kuwa kwana biyu aka yi ana zuba mata tsakuwa kafin ta cika.

Shekara ɗaya da rabi ana aiki. Tashar ta fito da kyau, wannan ba mai musu. Katanga fara, ƙofar ƙarfe shuɗiya, tagar yankan tike, shato a sama yana ƙyalli. Taku ɗari uku ne daga kwalta zuwa ƙofarta, ta wata 'yar hanyar tsakuwa da ta haye magudanar ruwa. Ranar buɗewa an zo da makaɗa, manya suka yi jawabi da Faransanci aka fassara, aka jero motoci goma sha biyu a cikin fili don a ɗauki hoto. Aka kira Lado gaban jama'a aka ba shi riga mai ruwan ƙasa da makullai, aka ce daga yau shi ne gardin tasha, mai gadinta. Hinda ta samu shago na farko kusa da ƙofa, Kolo ya samu na ƙarshe. Lado ya sa wani malamin lakwal ya karanta masa allon har sau uku. Ranar ya yi kuka, kuma na daɗi ne.

Da aka watse, motocin nan goma sha biyu suka bi manya suka fita.

Watan farko direbobi sun riƙa shigowa don kunyar Lado. Amma sabuwar hanya santsi gare ta kamar tafin hannu, daga Bande zuwa Magarya ba a kai rabin awa. Inji ba ya zafi, taya ba ta fashewa, fasinja bai isa jin yunwa ba. Direba ya cika motarsa a Damagaram, me zai sa ya karya gudu, ya sauka kwalta, ya shiga katanga, ya juyo? Ayuba, wani direba da Lado ya sani tun yana karen mota, shi ya gaya masa gaskiya.

"Baba Lado, wallahi ba raini ba ne. In na shigo nan, motoci uku sun wuce ni sun kwashe mutanen Magarya. Ka fito da fasinjanka bakin kwalta, in da wuri zan tsaya."

Sai ya zama fasinja na tsayawa a rana bakin kwalta, ga rumfa can ba kowa a ƙarƙashinta. Daga baya suka ga tsayuwar ba ta da amfani, don motocin a cike suke wucewa. 'Yan kabu-kabu suka riƙa bin su har ƙofar gida suna ɗauka a babur. Saƙo kuma ya koma cikin salula. Ba mai aiko wasiƙa, ba mai barin jakinsa.

Ana cikin haka Najeriya ta rufe iyakarta, fiye da shekara. Manyan motoci suka ɗauke ƙafa, 'yan kasuwa suka koma bin daji a babura. Furoje ya ƙare wa'adinsa, farar mota ta daina zuwa, ba wanda ya ce wa Lado ya ci gaba, ba wanda ya ce ya bari. Masu shaguna suka fita ɗaya bayan ɗaya. A rani na uku fanfon ya tsaya. Aka kira mai gyara daga Magarya, ya hau ya sauko ya ce wani ƙarfe ne ya ƙone a can ƙasa, sai an aiko da shi daga Yamai. Ba a aiko ba. Matan gari suka koma tafiya wata rijiya mai nisa a bayan dabagin itatuwan gari, kuma Lado ya san abin da suke faɗi a hanya ko da ba su faɗa a gabansa ba.

Hinda ta yi ta dafa ɗanwake tana komawa da shi gida. Ta rage tukunya, ta sake ragewa, ran nan ta kife ta.

Kolo ne na ƙarshen tafiya. Ya ɗaure famfon iskarsa da ƙarafunansa a amalanke, zai koma wurin ɗansa a Magarya. Lado ya raka shi har bakin kwalta. Ya so ya ce masa wani abu na wasa, ya buɗe baki ya ce, "To bawana, ka gudu ke nan." Kolo bai rama ba. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya riƙe.

"Taho mu tafi, Lado. A tashar Magarya ba za a rasa abin da tsoho zai yi ba."

"In bar wa wa nan?"

"Wa ka gani a nan?"

Lado ya zare hannunsa. Da amalanken ya tafi, sai ya koma ya share filin tasha kamar yadda yake yi kowace safiya.

Shekara biyu suka ƙara a haka, shi da Hinda. An buɗe iyaka, motoci sun dawo, sai dai wucewa suke kamar iska. Tumakin sun ƙare. Wani maƙwabcinsu, Hamisu, ya ara musu gefen gonarsa suna shuka gero da wake. Shagunan da ba kowa Lado ya bar mutane suna ajiye kara da harawa a ciki, su ma suka sa irin shukarsu a shagon Hinda na da, don ɗakinsu na yoyo.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba. Washegari da sassafe gari duk ya fita gona. Hinda ta ce bari ta ɗauko iri ta same shi. Lado yana ɗaura wa sungumi ƙota ya ji ta ƙwala kira, "Malam! Malam!" Ya same ta zaune a ƙofar shagon ta riƙe hannun dama, ga ɗigon jini biyu a gindin babban yatsa. Ta sa hannu bayan buhu ne. Ya ga wutsiyar abin tana shigewa cikin harawa, gajere mai zane-zane. Kububuwa ce.

Ya goya ta ya kai bakin kwalta, ya kwantar da ita a kan zanenta, ya kafa sanda biyu ya rataya rigarsa ta gardi don ta yi mata inuwa. Hamisu ya ji labari ya baro gona a guje.

"Baba Lado, bari in ɗaura wa sa amalanke mu kama hanya yanzu."

"Amalanke awa uku ne, Hamisu. Mota minti goma sha biyar. Yanzu zan tsaida ɗaya. Koma ka yi shukarka, danshi ba ya jira."

"Ka tabbata, Baba?"

"Ni kake tambaya?"

Hamisu ya koma gona. 'Yan kabu-kabun garin su biyu ne, duk sun tafi bakin iyaka ɗaukar fetur tun asuba. Wata mata mai salula ta kira Ayuba, ya ce yana Damagaram motarsa na gareji.

Lado ya tsaya a gefen kwalta. Mota ta farko ta ɓullo daga arewa, ya cire malfa ya ɗaga sama. Ta wuce, iskarta ta kaɗa rigar da ke wa Hinda inuwa. Ta biyu ta danna oda tun daga nesa. Ta uku ta rage gudu, wani yaron direba da bai taɓa gani ba ya leƙo ya ce, "A cike muke, tsoho," bai ko tsaya ya ji ba. Direbobin da suka san ma'anar malfar nan sun tsufa, wasu sun mutu, wasu sun sayar da motocin. Waɗannan ba abin da suke gani sai wani dattijo ba riga yana kaɗa hula a rana.

Hannun Hinda ya kumbura har gwiwa. Ta ce tana jin ɗanɗanon jini a bakinta. Ta ce, "Malam, a kira Hamisu." Ya ce, "Ga wata nan tafe, wannan za ta tsaya." Ya shiga tsakiyar hanya. Motar ta kauce masa da ƙyar, direban ya zage shi ta uwa ta uba. Bayanta wata ƙaramar mota mai baƙin gilashi ta rage gudu, ransa ya dawo, ya nufe ta da sauri. Gilashin ya sauka kaɗan, wani hannu ya cillo masa sadaka a kan kwalta, motar ta ƙara wuta. Lado ya tsaya yana kallon abin da aka jefo yana juyawa a ƙasa har ya kwanta. Bai duƙa ba.

Sai da rana ta take tsaka ya aika a kira Hamisu. Suka shimfiɗa harawa a amalanke suka kwantar da ita, Lado ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa, ya kare mata rana da malfar. Suna tafe a gefen kwalta motoci na wuce su. Bai sake ɗaga wa ko ɗaya hannu ba. A hanya ta buɗe ido ta ce masa irin waken na cikin jan buhu ne, kada ya haɗa da na ci. Ya ce to. Da la'asar suka shiga likitar Magarya, wato asibitin garin.

Ma'aikatan sun yi abin da za su iya. An yi mata allurai, an ƙara mata ruwa. Ruma'isa ta iso washegari da mijinta Safwan, Kolo ma ya zo ya zauna a bakin ƙofa. Jinin ya ƙi tsayawa. Ranar Asabar da hantsi Hinda ta cika.

Ba wanda ya ce wa Lado jinkiri ne ya kashe ta. Malamin da ya yi mata salla ya ce kwana ne ya ƙare, kowa ya ce haka ne. Hamisu bai taɓa ta da maganar amalanke ba, ko da wasa. Amma Lado ya riga ya yanke wa kansa hukunci, kuma ba mai iya ɗaukaka wannan ƙara. A zaman makoki in an ce masa ya yi haƙuri, sai ya ce, "Ta ce a kira Hamisu." Mutane suka ɗauka ruɗewar tsufa ce.

Ayuba ya zo gaisuwa da tsofaffin direbobi uku. Su ukun suka ce da sun sani, da sun bar komi sun zo. Ya yi musu godiya. Bayan sadakar arba'in sai ga Mushe Abdulwahabu, ya yi ƙiba, yanzu wani furoje yake wa aiki. Wucewa yake ya ji labari. Ya zagaya tashar shi kaɗai, ya ga ciyawa ta fasa siminti, ya ga jemagu a masallaci, ya dawo ya zauna a ƙasa gaban Lado.

"Baba, da niyyar alheri muka yi."

"Na sani, ɗana. Ni ma da ita na ba da."

"Ana maganar mai da wurin ma'ajiyar takin zamani. In ya tabbata zan sa a bar ka a matsayinka."

"A ba wani," in ji Lado. Ya shiga ɗaki ya fito da makullan a ɗaure da tsumma, ya ajiye a gabansa. Mushe Abdulwahabu ya ce ba shi da hurumin karɓa, ba ya wannan aikin yanzu. Lado ya kai wa mai gari, shi ma ya ce ba a hannunsa aka ba da su ba. A ƙarshe ya rataye su a jikin ƙofar ƙarfen ya bar ta a buɗe.

Da aka yi girbi Ruma'isa ta zo da amalanken mijinta ta ce ba za ta koma ba sai da shi. Bai yi gardama ba. Kayansa ba su cika rabin amalanken ba: tabarma, buta, akwatin ƙarfe, da tukwanen Hinda da Ruma'isa ta ce ba za a bari ba. Suka bi ta cikin gonaki, yini guda, suka isa da magariba.

Yana can har yanzu, a wani ƙauye mai gida goma sha tara a ƙasar Yekuwa. Safwan mutumin kirki ne, ya gina masa ɗaki a gefen zaure, ba ya cin tuwo sai ya ga an kai wa surukinsa. Idon Lado na dama ya yi hazo, na hagun ma ya fara. Da safe yakan zauna a gindin katanga yana tufkar igiya da kaba, in ta yi tsawo a ɗauka a ɗaure awaki, ba mai cewa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ba ya shiga hira. Ruma'isa ta ce wani lokaci sai ta ajiye masa abinci ta dawo ta tarar ƙudaje sun rufe shi, yana zaune da kabar a hannu bai tufka ko taki ɗaya ba. Bana Safwan ya yanka masa kunya biyar a bayan gida don ya ɗan motsa jiki. Ya shuka biyu, ya ce gobe zai ƙarasa. Har aka yi noman farko sauran ukun ba a sa musu iri ba, sai Safwan ya bi su da wake ba tare da ya ce masa komi ba.